Lambar da Babu Takwas, Babu Tara

Ni dai tun ina yarinya, in ka nuna mini lamba ka gama da ni. Lambar mota, lambar gida, wadda ke jikin kwantena a hanyar tashar jirgin ruwa, sai na tsaya na ga ko za ta rabu da uku. Babana, Alhaji Abdulganiyu, cewa yake yi aljanin lissafi ne ya shafe ni ina goye. Aljanin nan ne ya kai ni jami'a a Yawunde, ya dawo da ni New Bell, unguwarmu a birnin Duwala, ina koyar da lissafi a sakandare. Sunana Ikhlas, kuma 'yan unguwa sun san ba ni da haƙuri da mutane kamar yadda nake da shi da lambobi.

Gidanmu yana unguwar Hausawa, kuma ɗakunan da ke kusa da zaure Baba yana ba 'yan Najeriya haya. A daminar da nake ba ku labari, wani mutumin Gusau ya kama ɗaya. Isma'il sunansa, dogo, marar magana, yana kasa takalma a kasuwar Nkololoun. Amma takalman nan abin rufe ido ne kawai. Yayansa ya zo nema.

Yayan nasa Husaini ya daɗe a Duwala yana fatauci, yana kiran gida a kai a kai. Sai kira ya tsaya cak. Ana nan, wata rana wayar mahaifiyarsu Hajjo ta yi ƙara, aka ji muryar mace tana Faransanci tana kuka. Hajjo ta miƙa wa Isma'il, don shi ne ya taɓa yin Faransanci a ƙaramar sakandare. Abin da ya tsinta a maganar biyu ne: sunan Husaini, da wasu lambobi da matar ta yi ta maimaitawa. Ya ɗauki gawayi ya rubuta su a bango, layi ya katse. Da suka sake kira, wani mutum ya ɗauka ya ce wayar haya ce ta bakin titi, mutane da yawa ke kira da ita, bai san wata mata ba. Daga baya ma layin ya mutu.

Damina biyu ke nan. Kawunansu sun matsa a yi wa Husaini addu'a a ɗauka ya rasu, Hajjo ta ce sam. Abokin tagwaicinsa Hassan ta binne shi yana jariri, ta ga kabarinsa da idonta, wannan kuma sai ta ji muryarsa ko a nuna mata inda aka sa shi. Jikinta kuwa ya fara ƙi. Shi ya sa Isma'il ya tattaro takalma ya taho, da lambar a kansa kamar karatun allo.

Ya yi yawo da ita har ƙafarsa ta kumbura. Ya kai ta gidan yari, suka ce lambobinsu ba su da wannan tsawo. Ya kai asibitoci, har ɗakin ajiye gawa, suka ce ba tasu ba ce. Banki suka ce ba ta asusu ba ce. Baba, da ya yi aikin ofis a tashar jirgin ruwa har ya yi ritaya, ya duba ya ce kwantena da haruffa take farawa. Masu sayar da waya suka ce lambar waya a ƙasar nan tara ce, wannan kuwa ta ninka. Ranar da Baba ya gaji, sai ya ce masa, "Kai ta wajen 'yar aljanun nan, ko Allah zai sa."

Ina da ɗan allo baƙi a rumfar tsakar gida, inda nake shirya darasi. Isma'il ya yi sallama ya tsaya nesa, Baba na kan kujerarsa da kofin shayi.

"Malama, a yi haƙuri, na katse miki aiki."

"Ka riga ka katse, Malam Isma'il. Ga alli."

Ya rubuta ba tare da ya duba komai ba:

64201074204420116016

Ba zan ɓoye muku ba, daɗi na ji. Mutum yana tsaye da damuwar ɗan'uwansa, ni kuwa bakina har kunne, don ban taɓa samun lamba mai gida ashirin da wani ya kawo mini har tsakar gida ba. Na karɓi allin na yi abin da duk wanda ya yi makaranta zai yi, na yanka ta uku-uku daga dama:

64 201 074 204 420 116 016

"Ka san girman abin nan kuwa?" na ce. "In ka ce za ka ƙirga daga ɗaya har ka kai ta, kowace daƙiƙa lamba ɗaya, ba ci ba sha ba barci, sai ka yi shekara biliyan biyu."

Ya dubi allon. "Biliyan biyu kawai?"

"Kawai? Miliyan sau miliyan fa, har biyu."

"Ai wannan tiriliyan ne, Malama. Biliyan miliyan dubu ne."

"Wannan miliyar ne."

"Mu dai a wajenmu biliyan ne."

Baba ya ƙyalƙyale da dariya har shayi ya zube masa a riga. Ya ce duk muna da gaskiya, biliyan ɗin Faransa ya ninka na Najeriya sau dubu, shi ya sa in ɗan Najeriya ya ce yana da biliyan ba ya tsorata. Na ji haushi, don na san haka ne, mantawa na yi da wa nake magana.

Na koma kan allo. Na nuna masa ƙarshenta shida ne, don haka tana rabuwa biyu. Huɗun ƙarshe, 6016, sha shida na shiga cikinsu daidai, don haka duk lambar sai ka raba ta biyu sau huɗu a jere kafin ta cije. Na tara gidajenta ɗaya bayan ɗaya suka ba ni hamsin da ɗaya. Hamsin da ɗaya yana rabuwa da uku amma ba ya rabuwa da tara, ita ma haka. Wannan kuma ya nuna babu wata lamba a duniya da za ka ninka ta da kanta ta ba ka wannan, don in uku ya shiga irin waɗancan, dole tara ma ta shiga. Bakwai ta ƙi, sha ɗaya ta ƙi, sha uku ta ƙi. Ina ta zuba, alli na ta karyewa.

Ya bar ni har na numfasa, sannan ya ce, "Malama, duk na ji. Yana raye ko ba ya raye?"

Wallahi sai na ji kamar an watsa mini ruwan kwata. Na ce masa gaskiya, ban sani ba. Ya yi godiya, godiyar da ta fi zagi ciwo, ya koma ɗakinsa. Baba ya dube ni ta saman tabarau.

Lambar ta zauna a allon. Ruwa ya yi ta sauka irin na Duwala, wanda in ya fara ba ya tuna yadda ake tsayawa, lambatu ya cika ya shigo zaure, muka ɗora tubala muna takawa. In na dawo daga makaranta, kafin na cire mayafi sai na tsaya gabanta. Ta bangon ɗakin haya wani lokaci nakan ji Isma'il yana waya da gida da rana, yana cewa, "Ana nan ana nema, Inna. Ki ci abinci dai." Daga yadda yake maimaita maganar abincin na gane ba ta ci.

Wata Asabar ina sake tara gidajen don na tabbatar da hamsin da ɗayan, sai wani abu ya tsaya mini a rai. Lamba mai gida ashirin, a ce jimlarta hamsin da ɗaya kacal? Ya kamata ta doshi casa'in. Na duba da kyau. Babu takwas a cikinta. Babu tara. Babu uku, babu biyar. Na zauna na lissafa: in da a ce zuba lambobin aka yi kara zube, yiwuwar huɗu su ɓace gaba ɗaya haka bai kai ɗaya cikin ɗari ba. Sifili kuwa har biyar, kuma kowanne da abin da yake bi: ko biyu, ko ɗaya, ko shida. Lambar banki ko ta na'ura ba ta da irin wannan tsirfa. Wani abu ne ya hana takwas da tara shiga.

Na goge yanka uku-ukun da na yi, na mayar da ita a haɗe yadda ya rubuta. Nan take ta fito: 420, sai can 420, sai kuma 420. Sau uku. Yankana na 'yan makaranta ne ya raba biyu daga ciki ya ɓoye mini su.

To ku ji inda aljanin ya sake kayar da ni. Ɗari huɗu da ashirin lamba ce mai kyau ƙwarai, ita ce mafi ƙanƙanta da ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, shida da bakwai duk suke shiga cikinta ba saura. Na yi ta murna, na kwashe yinin nan ina neman abin da zai sa mace mai kuka ta riƙa nanata ta. Na cire ta, na ninka, na raba. Baba ya wuce zai tafi masallaci ya ce, "Ke dai in aka bar ki, sai kin aurar da lambar nan." Na ce masa aƙalla ita ba ta tsoma baki a abin da ba a tambaye ta ba.

Da ya dawo La'asar, tare suka shigo da Isma'il, wanda ruwa ya kora daga kasuwa. A lokacin na gaji da kaina, kuma tambaya ɗaya ta rage wadda ban yi ba, don ban ɗauke ta tambayar lissafi ba.

"Malam Isma'il, zo. Nan wurin, matar cewa ta yi ɗari huɗu da ashirin?"

Ya matso ya duba. "A'a. Cewa ta yi huɗu, sannan ta ce ashirin."

"Ba huɗu, biyu, sifili ba?"

"Ba ta ambaci sifili ba ko sau ɗaya. Ni ne na rubuta ashirin yadda ake rubuta ta."

Duk kwanakin nan na ɗauka ɗaya-ɗaya aka karanto masa.

"Faɗa mini da bakinta. Da Faransancin."

Ya sunkuyar da kai. "Malama, Faransancina abin dariya ne. A kasuwa in na buɗe baki sai yara su taru. Shi ya sa ko'ina na je rubutawa nake yi."

"Ni na ce ka faɗa. In na yi dariya Baba ya kore ni daga gidan."

Ya rufe ido, ya fara a hankali, da muryar wanda ya maimaita abu sau dubu shi kaɗai. "Sis. Katir, ban, dis, set. Katir, ban, katir. Katir, ban, onz. Suwasant, sez."

Baba, da ya riga ya koma kan shayinsa, ya ajiye kofin a ƙasa. Ni kuwa allin ne ya suɓuce mini.

"A makaranta," na ce, "har nawa aka koya muku ƙirga?"

"Sittin da tara. Malamin ɗan bautar ƙasa ne, shekararsa ta cika ya tafi, ba a kawo wani ba."

Inna lillahi. Da ɗan bautar ƙasar nan ya ƙara mako guda, da ba a yi wannan wahala ba. Na ɗauki wani alli na yi masa bayani. Faransawa, da duk iyayinsu, ba su da kalmar tamanin. Cewa suke huɗu-ashirin, wato ashirin sau huɗu. Casa'in kuma huɗu-ashirin-goma. Saba'in sittin-goma. Kuma mu nan ba ma faɗin lambar waya ɗaya-ɗaya kamar ku, bibbiyu muke haɗawa. A kasuwa ba zai taɓa jin wannan ba, don can ɗari ne, ɗari biyar, dubu, sauran kuma da Turancin buroka ake ƙarasawa.

Na ja layi a ƙarƙashin kowane gungu. Shida tana nan shida. Huɗu-ashirin-goma-bakwai, casa'in da bakwai. Huɗu-ashirin-huɗu, tamanin da huɗu. Huɗu-ashirin-sha ɗaya, casa'in da ɗaya. Sittin-sha shida, saba'in da shida. Ga takwas ɗin da tarar da na yi ta nema, ashe suna ciki a kwance. Lambar da ta fi ƙarfin ƙirgar ɗan Adam ta tsuke ta koma gida tara, kuma da shida ta fara, kamar kowace wayar hannu a Kamaru. Kada wani ya ce zai gwada, an sauya layin tuni.

Isma'il ya ƙirga gidajen da yatsa, ya sake ƙirgawa. Ya zaro wayarsa, ta kusa faɗuwa, ya miƙo mini. "Ki kira, Malama. Ni ba zan ji abin da za ta ce ba."

Ƙara biyu aka ɗauka. Mace ce. Na yi sallama, na ce da Faransanci ina kira ne daga wajen dangin Husaini na Gusau. Sai ta ce, murya a dakushe, "Sai yanzu?"

Sunanta Maryamu, 'yar ƙabilar Bamun ce daga garin Fumban, matar Husaini. Ya aure ta yana shirin kai ta gida ya nuna, sai ciwo ya kayar da shi a kasuwa, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Wayarsa a wurin faɗuwar ta ɓace. Lambar Hajjo da hannun hagu ya danna mata sau ɗaya a wayar haya, don tata ba ta da kuɗin kiran ƙasar waje, bayan nan ko ya gwada sai yatsun su rikice. Ta ce ta faɗi lambarta sau biyar a ranar, a hankali, yadda ko yaro zai rubuta. Da ba a kira ba, ta ɗauka danginsa sun yafe shi ne saboda ya auri bare. Duk da haka ba ta taɓa bari wayar ta mutu ba.

"Yana raye," na ce wa Isma'il. "Yana Bonaberi."

Ya durƙusa a kan tubalin nan cikin ruwa ya yi sujada, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Bonaberi fa, tsallaken gada kawai. Daga kan rufin masallacinmu ana hango hayaƙin masana'antunta.

Baba ya ce ba za a bar baƙo ya je gidan surukai shi kaɗai ba, ya sa hula. Ni kuma ba wanda ya gayyace ni, na ɗauki mayafi. Muka tari tasi, muka kutsa cikin cunkoson 'yan bensikin, masu baburan haya, da ke cika gadar Wuri ko ana ruwa ko ba a yi. A tsakiyar gada Isma'il ya juyo gare mu. Ya ce, "Shi ma ya ɗauka Inna ta samu lambar ta ƙi kira ke nan?"

Ɗaki ɗaya ne a bayan wani injin katako. Maryamu ta tare mu a ƙofa, siririya, hannunta duk garin rogo, tana kallon Isma'il don kamarsu da mijinta ta yi yawa. Husaini na zaune a kujerar roba an jingina masa matashi, wanke tas, an gyara masa gemu. Da ya ga ƙaninsa, rabin fuskarsa ya motsa, rabin ya tsaya. Isma'il ya zube a gabansa ya riƙe hannun mai lafiyar yana cewa, "Yaya, ni ne. Laifina ne, Yaya, ni na rubuta ba daidai ba. Inna ba ta ƙi ka ba, kullum sai ta ambace ka."

Husaini ya buɗe baki, ya yi ta kokawa da harshensa. Abin da ya fito shi ne, "Ɗaya. Biyu. Uku."

Maryamu ta ce mini a hankali, abin da ya rage masa ke nan. Likita ya ce yakan faru, magana ta tafi ta bar ƙirga. In yana jin yunwa ƙirgawa yake, in ya ji daɗi ƙirgawa yake, yakan kai goma ya dawo farko. Ita ma a bakinsa ta koyi ƙirgar Hausa.

Isma'il ya share fuska ya kira Gusau, ya buɗe muryar wayar kowa ya ji. Aka daɗe kafin a kai wa Hajjo. Ya ce, "Inna, ga shi. Yana raye, yana jin ki. Amma ba ya iya magana, ƙirga kawai yake iyawa, kada ki tsorata."

Muka ji numfashinta, da ƙarar gado da ta yunƙura ta zauna. "Husaini?" ta ce. "Husaini na?"

Hawaye ya gangaro masa ta ido ɗaya. Ya daddage, jijiyar wuyansa ta tashi.

"Ɗaya," ya ce.

Na ɗauka kuka za ta fashe da shi. Sai tsohuwar ta gyara murya, irin muryar da ake yi wa yaro ana lanƙwasa masa yatsu, ta ce, "Biyu."

"Uku," in ji Husaini.

"Huɗu, ɗan albarka. Ci gaba, ina jin ka."